Sun mayar da ni likita tun ban gama makaranta ba

Tambaya: Ina shekara ta biyu a makarantar koyon aikin lafiya. Tun da aka ga na fara sa farar riga, mutanen gidanmu da maƙwabta suka mayar da ni likita. Yaro ya yi zazzaɓi, a kira ni. Wata ta ji jiri, a aiko a tambaye ni wane magani za ta sha. In na ce ban sani ba, a ce to me ake koya muku a makarantar? In kuma na faɗi magani, sai in kwana ina fargabar kada wani abu ya faru. Don Allah yaya zan yi?

Amsa: 'Yata, fargabar nan da take hana ki barci kada ki nemi maganinta, ki riƙe ta da kyau. Na daɗe ina aikin jinya da karɓar haihuwa, kuma ɗalibar da take tayar min da hankali ita ce wadda duk abin da aka tambaye ta tana da amsa a bakinta. Sai dai fargaba ita kaɗai ba ta sauke wa yaro zazzaɓi. Mutanen nan ba za su daina zuwa ba, ni ma ba na so su daina, domin in ba su zo wurinki ba, wurin mai tallan magani a bakin kasuwa za su je, ko wurin maƙwabciyar da ta taɓa jinyar ɗanta sau ɗaya ta zama gwana. Shawara kam dole za ki bayar. Abin da ya rage shi ne ki san irin wadda za ki bayar.

Ta hanya biyu ake cutar da mai neman shawarar lafiya, mutane kuwa ɗaya kawai suka sani. Ta farko, a ji rabin labari a yanke hukunci: "Maleriya ce, a ba shi kaza." Ta biyu, a ce "ku kai shi asibiti" a kakkaɓe hannu, ba a faɗi yaushe ba, ba a faɗi wane asibiti ba, ba a faɗi abin da za a yi kafin a isa ba. Mai yin ta biyun gani yake ya fita haƙƙi, alhali kansa ya kare, yaron kuwa ya bar shi inda ya same shi.

Akwai hadisin da Abu Dawud ya ruwaito daga Jabir, wanda nake so duk mai sa farar riga ya sani. Sahabbai suna cikin tafiya, dutse ya fasa wa ɗayansu kai. Da dare ya yi mafarki, wanka ya wajaba a kansa, sai ya tambayi abokan tafiyarsa ko yana da rangwamen yin taimama. Suka ce ba su ga yana da rangwame ba tunda ga ruwa. Ya yi wanka, ya rasu. Da labari ya je wa Manzon Allah (SAW), ya nuna fushi ƙwarai, ya ce su suka kashe shi, me ya hana su tambaya tunda ba su sani ba, ai maganin rashin sani tambaya ce. Ki lura, mutanen nan ba maƙiyansa ba ne. Abokansa ne, alheri suke nufinsa da shi, kuma abin da suka faɗa yana da ƙanshin ilimi, domin a ƙa'ida mai ruwa ba ya taimama. Ƙa'idar suka sani, ba su dubi mutumin da ke gabansu da fasasshen kai ba. Yawancin mugunyar shawarar da ake bayarwa a gidajenmu irin wannan ce: magana ce ta gaskiya, amma ba ta wannan mutumin ba.

Saboda haka in Goggo ta shigo ta ce miki, "Jikan nan nawa jikinsa da zafi tun jiya, me za a ba shi?", kada sunan magani ya zama farkon abin da zai fito daga bakinki. Tambaya za ki fara. Watansa nawa? Yau kwana nawa da fara zafin? Yana shan nono ko ruwa? Yana wasa ko kwance yake? Akwai zawo, akwai tari? Sannan tambayar da ta fi duka amfani: me aka riga aka ba shi? Wannan kuwa ba a samun amsarta da baki. Za a ce miki, "Wallahi ba a ba shi komai ba." Kuma ba ƙarya suke yi ba, a ganinsu abin da aka aiki yaro ya sayo a kyamis bai kai a kira shi magani ba, jiƙon da kakarsa ta ɗura masa da asuba ma haka. Don haka ki ce a kawo miki duk wata kwalba da kwali da aka taɓa a gidan tun da ciwon ya fara. Sai a zazzage miki leda a kan tabarma: kwalbar farasitamol, kwalbar maganin mura, ragowar Ampiclox na yayansa da aka zuba wa ruwa tun watan jiya, da wata farar ƙwaya ƙulle a takarda babu suna.

Wannan ledar ta fi bakin Goggo ba ki labari. Ki juya kwalbar maganin murar ki karanta abin da ke ciki. Da yawansu akwai farasitamol a ciki. Ke nan in da kin ce "a ba shi farasitamol" ba ki duba ba, sau biyu yaro zai riƙa sha, hanta ce kuma take ɗaukar nauyin, kuma ba ta nuna alama da wuri. Shi garin maganin ƙwayoyin cuta irin Ampiclox da ake zuba wa ruwa, da zarar an haɗa shi kwanakinsa ƙidayayyu ne, sati ɗaya ne ko biyu, shi ma sai in yana wuri mai sanyi. Ita kuwa farar ƙwayar da ba ta da suna, ba ki da abin cewa a kanta sai a zubar.

In da hali ki tashi ki je ki ga yaron da idonki, gani ya kori ji. Ba sai kina da kayan aiki ba. Ki bari ya natsu a cinyar uwarsa, ki ɗaga rigarsa, ki duba agogon wayarki, ki ƙirga numfashinsa na minti ɗaya cur. Jariri ƙasa da wata biyu, in ya kai 60 ya yi sauri. Daga wata biyu zuwa shekara, 50. Daga shekara ɗaya zuwa biyar, 40. Ki kalli ƙasan haƙarƙarinsa: in yana lotsawa ciki duk lokacin da ya ja numfashi, wannan ba mura ba ce. Ki dubi tafin hannunsa da cikin fatar idonsa ko sun yi fari. In zawo yake yi, ki taɓa maɗigarsa ko ta faɗa, ki ɗan ja fatar cikinsa ki saki ki ga ko tana komawa nan take. Duk wannan bai fi minti biyar ba, kuma duk an koya miki ko za a koya miki kafin shekarar nan ta ƙare. Daga nan ne za ki san ko wannan na gida ne ko na asibiti.

Wasu alamomin kuwa ba sa buƙatar dogon tunani. Yaron da ya kasa shan nono ko ruwa, ko yake amayar da duk abin da ya shiga bakinsa, ko ya yi jijjiga, ko barci ya yi masa nauyin da ba a iya tashinsa sosai, ko wuyansa ya sanƙare, ko jaririn da bai kai wata biyu ba ya yi zafin jiki: waɗannan ba a kwana da su a gida. Mai ciki kuma da ta ga jini, ko kanta yake sarawa tana gani dishi-dishi, fuska da hannuwa sun kumbura, ita ma haka. A nan ba na so ki yi kawaici, ba na so ki ce "in da hali". Ki ce yanzu.

Amma "yanzu" ɗin ma sai kin iya faɗinta. Masu nazarin mutuwar mata wajen haihuwa sun daɗe da gano cewa jinkiri uku ne suke kashewa: jinkirin yanke shawarar a tafi, jinkirin hanya, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Na farkon a hannunki yake, kuma sau da yawa wadda take gabanki ba ita ce mai yanke shawarar ba. Kin gaya wa matar gida, ta ce to, amma maigida yana kasuwa, ba ta fita sai da izininsa, kuɗin Keke Napep ma a aljihunsa yake. In kin tsaya a kanta, shawararki ba ta je ko'ina ba. Ki karɓi wayarta ki kira shi da kanki, ki gaishe shi, ki ce, "Baba, na duba yaron nan, numfashinsa ya yi sauri fiye da ƙima, ba na so ya kai magariba a gida." Namiji yakan ji magana in aka faɗa masa abin da aka gani ƙarara, ba a tsorata shi ba, ba a kuma raina shi ba. Sannan ki faɗi wurin da za a je. Mai jijjigar ciki ko mai zubar jini ba ƙaramin asibitin unguwa da ake rufewa da la'asar za a kai ta ba, sai inda ake ƙarin jini da tiyata. Ki ce a tafi da katin awo, da ledar magungunan nan, da namijin da zai iya ba da jini. Ki faɗi abin da za a yi a hanya: mai jijjiga a kwantar da shi ta gefe, kada a tura masa cokali a baki, kada a ɗura masa komai, mai zawo a ci gaba da ba shi ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan har a isa. Wannan ita ce "ku je asibiti" mai amfani. In kina da sarari ki raka su, farar rigar nan taki tana buɗe ƙofofin da su ba za su iya buɗewa ba.

Yanzu ga abin da 'yan makaranta ba su cika lura da shi ba. Maganar da kika faɗa wa mutum ɗaya ba ta tsayawa a wurinsa. Magana zarar bunu ce. Kin ce wa Goggo, "Tunda an yi gwaji an ga maleriya ce, kuma nauyinsa kilo goma sha biyu ne, a ba shi ƙwaya ɗaya safe da yamma kwana uku." Kafin sati ya zagayo, abin da zai rage a unguwar shi ne, "'Yar gidan Malam ta ce in yaro ya yi zazzaɓi a ba shi ƙwaya ɗaya." Gwajin ya faɗi a hanya, nauyin ya faɗi, kwana ukun ma ya faɗi, sunanki ne kawai ya isa lafiya. Wadda za ta yi aiki da shi wataƙila ɗanta shekararsa tara, wataƙila ma sanƙarau ne yake damunsa.

Wanda ya ga watan Agusta na 2014 ya san gudun irin wannan magana. Cutar Ebola ta shigo Legas a watan Yuli, hankalin kowa ya tashi, sai wani dare saƙo ya bazu a wayoyi cewa a tashi kafin asuba a yi wanka da ruwan gishiri, a kuma sha. Ba mugaye ne suka yaɗa shi ba. Uwa ce take kiran 'yarta a makaranta, wa yana kiran ƙaninsa da tsakar dare. Kafin gari ya waye ya game ƙasar. Jaridu suka ba da rahoton mutuwar aƙalla mutum biyu, wasu da dama suka kwanta asibiti, masu hawan jini suka fi jin jiki. Ebolar kanta a Legas da Fatakwal ta tsaya, mutum takwas ta kashe a Najeriya gaba ɗaya, ba ta taɓa zuwa Arewa ba. Gishirin ne ya shiga kowane gida.

Dabarar da nake amfani da ita ita ce in sa sharaɗin a gaba, in kuma maimaita shi a ƙarshe. "Wannan na yaron nan ne shi kaɗai, na wannan ciwon. Ko ƙaninsa ne ya kwanta gobe, kada a ba shi sai an tambaya." Sannan ba na barin mutum ya tafi sai ya maimaita min abin da na faɗa. Ba na cewa "kin gane?", domin kowa "e" zai ce, kunya ba za ta bar shi ya ce a'a ba. Cewa nake, "To Goggo, in kin koma gida yaya za ki ba shi?" A nan ne ake jin abin mamaki. "Sau uku a rana" takan koma guda uku a lokaci ɗaya. "Cokali ɗaya" takan koma cokalin cin abinci maimakon ɗan murfin awo da ke cikin kwalin. Wadda ba ta karatun boko, ki zana mata a jikin kwalin, ko ki ɗaura mata shan maganin da lokutan salla.

Maganin yara da nauyi ake auna shi, shi ya sa "a ba shi rabin na manya" ba shawara ba ce. Farasitamol miligiram 10 zuwa 15 ne ga kowane kilo, ba a wuce sau huɗu a kwana ɗaya, dare da rana. Babba kuwa ba ya wuce giram huɗu, wato ƙwaya takwas masu miligiram 500. Maganin maleriya irin su Coartem hawa-hawa ne: ƙwaya ɗaya ga mai kilo 5 zuwa 14, biyu ga mai 15 zuwa 24, uku ga mai 25 zuwa 34, huɗu daga 35 zuwa sama, sha shida cikin kwana uku, kuma yana son a haɗa shi da madara ko abinci mai maiƙo don jiki ya karɓe shi. Wannan lissafin na ƙwayoyi masu ƙaramin ƙarfi ne. Akwai masu ƙarfin da babba ƙwaya ɗaya yake sha, don haka sai an karanta kwali. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a yi gwaji kafin a ba da maganin maleriya, gwajin kuwa ɗigon jini ne a yatsa, minti goma sha biyar zuwa ashirin an gama. Ba don ki fara rubuta magani na kawo miki waɗannan ba. Ke ɗaliba ce, ba ki da lasisi tukuna, ko bayan kin gama ma akwai littafin ƙa'idojin aiki da zai nuna miki iyakarki. Na kawo su ne don ki ga yawan abin da ke bayan kalma ɗaya da mai kyamis yake jefawa yana ba da canji.

Sai batun "ban sani ba", wanda kika ce ana yi miki gori a kansa. An ruwaito cewa an yi wa Imam Malik tambayoyi 48 ya ce bai sani ba a 32 daga ciki, kuma shi ne malamin Madina da ake takowa daga nesa don a tambaye shi. Ke da kike shekara ta biyu ba ki da abin jin kunya. Illa dai kada ki tsaya a nan. "Ban sani ba" tsurarta tana mayar da mutum hannun mai tallan magani. Ki ce, "Wannan ban kai kansa ba, amma zan tambayi malamarmu, zuwa la'asar zan faɗa miki," kuma ki cika alkawari. Ko ki ce, "Sunan ciwon ban sani ba, amma na san ba na jira ba ne." Mutane suna gane bambancin mai ƙin taimako da mai gudun ƙarya, ko da ba ranar ba.

Kuma abin da kika sani tabbas ba kaɗan ba ne, kada ki raina shi. Kin san yaro mai zawo ruwan jikinsa ne yake ƙarewa, maganinsa ƙunshin gishiri da sukari da ake narkawa a ruwa mai tsabta gwargwadon yadda aka rubuta a jikinsa, da ƙwayar zink kwana goma zuwa sha huɗu, ba Flagyl ba, kuma ba a dakatar da nono. Kin san tarin da ya wuce sati biyu yana buƙatar gwajin majina, kuma maganin tarin fuka kyauta ne a asibitocin gwamnati, wata shida ake sha. Kin san amfanin gidan sauro, da allurar rigakafi, da zuwa awo, da nono zalla wata shida. A waɗannan ki yi magana da ƙarfin gwiwa, babu kame-kame.

Abin da ya fi wuya, a ganina, shi ne lokacin da ba shawara aka zo nema ba, amincewarki aka zo nema. "Ai haƙori ne, ko?" Uwa ta riga ta yanke hukunci, so take ki ce e hankalinta ya kwanta. Cewa e ɗin ta fi sauƙi, kowa ya rabu da kowa lafiya. Amma fitar haƙori ba ta kawo zazzaɓi mai zafi, ba ta kawo zawo mai tsanani. Lokacin ne dai ya zo ɗaya da sanda yaro ya fara rarrafe yana kai komai baki, kariyar da ya samo daga jikin uwarsa kuma tana raguwa. Yara da yawa sun galabaita a gida ana jiran haƙori ya fito. Wannan imanin ne ma ya sa ake sayen maganin haƙori barkatai, har a ƙarshen 2008 wani mai suna My Pikin, da aka samu gurɓace da sinadari mai lalata ƙoda, ya kashe yara 84 a ƙasar nan, wasu daga cikinsu a Zariya. Yawancinsu ba su da buƙatar wani magani tun farko. Haka nan "maleriya da taifod" da ake liƙa wa kowane zazzaɓi: gwajin Widal guda ɗaya ba ya tabbatar da taifod a ƙasa irin tamu, yakan nuna akwai alhali babu.

Da manya kuwa sai da dabara. Ɗauki wankan jego. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka rubuta yawan ciwon zuciya da ke kama mata bayan haihuwa a yankin, suka danganta shi da wanka da tafasasshen ruwa safe da yamma, da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi, da yawan shan kunun kanwa, domin kanwa gishiri ce mai tara ruwa a jiki. In kika shiga ɗakin mai jego kika ce wa kakarta wannan al'adar jahilci ce, kin gama. Ba za a sake tambayarki komai a gidan ba, wankan kuma za a ci gaba da shi bayan kin fita. Tsohuwar nan ta yi wa mata jego tun ba a haife ki ba, kuma ƙauna ce take sa ta tashi da asuba tana hura wuta. Ki gaishe ta, ki yaba wahalarta, sannan ki nemi abu ƙarami da za ta iya ba ki: "Inna, tunda a asibiti sun ce jininta ya hau, don Allah a sirka ruwan, kunun kuma a yi shi ba kanwa." Ki gaya mata abin da za ta sa wa ido, tunda ita ce take kwana da ita: kumburin ƙafa, haki, kasa kwanciya sai an jingina da matashi, tarin dare. Kin mayar da ita abokiyar aikinki ke nan.

Kada kuma ki warware abin da likitan da ya duba mutum ya ɗaura. Za a kawo miki takarda a ce, "Duba min, anya maganin nan bai yi yawa ba?" Ba ki ga gwajinsa ba, ba ki san dalilin da ya sa aka zaɓi wannan aka bar wancan ba. In wani abu ya ba ki shakka, ki ce a koma a tambaya, ko ki kira wanda ya fi ki sani. Amma kalmar "daina sha" kada ta fito daga bakinki. Masu hawan jini da ciwon suga sun fi kowa faɗawa wannan rami: sun ji sauƙi, wata ta ce musu ai maganin bature in ka saba da shi ba ka rabuwa da shi, suka ajiye, sai shanyewar ɓarin jiki ta biyo baya.

Akwai kuma waɗanda amsarsu a'a ce ko wane ne ya tambaya. Ƙawarki mai shirin aure da take son sha-ka-fashe don ta yi ƙiba: akasarin abin da ake haɗawa a ciki maganin kumburi ne mai ƙarfi da na buɗe ciki, kumburi yake sa wa ba ƙiba ba, yana tayar da suga da hawan jini, yana raunana garkuwar jiki. Ɗan unguwa mai son ki samo masa Tramadol ko maganin tari mai kodin, wanda gwamnati ta hana sarrafawa da shigowa da shi tun 2018. Mai son ki zo gida ki yi mata allura ko ki ɗaura mata ruwa saboda ta ji kasala. Mutanenmu sun yarda allura ta fi ƙwaya ƙarfi, kuma za a matsa miki, har da haɗa ki da Allah. Ranar da wani ya faɗi a hannunki saboda jikinsa bai karɓi allurar ba, babu abin ceto a ɗakin, waɗanda suka roƙe ki su ne za su fara faɗin sunanki.

Wanda aka nemi shawararsa amana aka ba shi, haka hadisi ya ce, amanar kuwa har da riƙe sirri. Yarinya za ta ja ki gefe ta ce wata biyu ba ta ga al'adarta ba. Matar yayanki za ta gaya miki abin da ba ta gaya wa mijinta ba. Abin da kika ji a nan ya tsaya, ko Umma ce ta tambaye ki. Sau ɗaya maganar wata ta fita ta bakinki a gidan biki, masu ciwon da suka fi buƙatarki su ne za su fara ɓoye miki.

Duk wanda kika ba shawarar ya yi jinya a gida, ki yanka masa wa'adi, ki kuma bi sawu. Ki ce, "In zuwa jibi zafin bai sauka ba, ko kafin nan ya ƙi shan nono, ko numfashinsa ya canza, kada a jira ni, a wuce asibiti." Washegari ki leƙa, ko ki aika a tambayo miki. Ki sami ɗan littafi ki riƙa rubuta wanda ya zo, abin da kika gani, abin da kika ce, da yadda aka ƙare, ba tare da sunan kowa ba. Ranar da kika koma makaranta ki kai wa malamarki guda biyu ko uku daga ciki, musamman waɗanda suka ba ki wuya, ki tambaye ta ita da me za ta ce.